Zauren da Aka Hana Cewa A'a

In ka zauna a Gusau a shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, lokacin da lori ta fara ƙwace wa jaki kaya, to ka san Attahiru, kana so ko ba ka so. Dogo ne siriri, ga murya kamar an ɗaura masa ganga a maƙogwaro. Duk taƙamarsa ba ta wuce ɗan zaman da ya yi yana share barandar wani kamfanin Turawa kusa da tashar jirgi ba, kafin su sallame shi saboda bakinsa ya fi tsintsiyarsa aiki. Amma in ka ji shi a majalisa, sai ka rantse shi ya koya wa Turawan sayen gyaɗa.

Wan mahaifinsa, Baba Ummaru, madugun jakuna ne. Ayarinsa ne ke kwaso audugar manoman Tsafe da Bungudu ya kawo injin gurza a Gusau. Tsohon yana da tsarinsa tun na iyaye: damina ta faɗi, aiki ya tsaya, sai ya rarraba jakunan gidajen manoma, wasu Furfuri, wasu Mada, wasu 'Yankuzo, su ci ciyawa su bar wa masu gida taki. In kaka ta yi a tattaro su. Jaka guda ce ba ta zuwa ko'ina, wata tsohuwa da ake kira Aura, mai ɗebo wa matarsa Inna Saude ruwa, sai in aiki ya yi yawa a ara ta. Duk wannan Attahiru bai san shi ba, don bai taɓa bin ayari ba. A cewarsa warin jaki yana toshe basira.

Ana shirin fara awon auduga sai kurkunu ta kama ƙafar Baba Ummaru, ta kwantar da shi. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, dole ya aika aka kira Attahiru. Ya nuna masa sandar madugu da ke jingine a kan gadonsa, gora ce mai kan tagulla, ta kakansu.

"Attahiru, ka ga Alhaji Sabiru ya sawo lori, shina zawarcin manomana ɗaya bayan ɗaya," in ji tsohon. "Riƙa mini ayari. In kaka ta wuce manoman ga na hannunmu, sandar ga taka ta. In sun watse, ko inuwarta ba ka taɓawa."

Attahiru ya dubi sandar, miyau ya tsinke masa. "Baba, kwanta ka huta. Ni na ga asirin Turawa da idona. Kahin ka miƙe, Alhaji Sabiru shina roƙonmu mu saye lorin nan mu yi akurkin kaji da ita."

Inna Saude tana bakin ƙofa tana tankaɗe, ta ce, "Mu dai a bar muna jakunan da ƙahwahunsu."

Asirin kuwa ga shi. Wata rana yana shara ya leƙa taga, ya ga Baturen kamfanin ya tara akawunansa, ya zaunar da su a kan kujeru, an ba kowa shayi, yana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Attahiru bai ji ko kalma ba, amma ya lura babu wanda ya girgiza kai. Wani masinja ya ce masa sabuwar dabara ake neman kowa ya kawo. Daga nan ya gane cewa arzikin Bature bai wuce zama a kan abu mai tudu, da shan ruwan zafi, da rashin musu ba.

Washegari ya sa aka share zauren gidan, ya ce daga yau sunansa Zauren Dabara. Babu kujeru, sai aka jera akumarin jakuna. Babu shayi, sai aka dama kunun tsamiya. Ya zaro wata jar dara daga aljihu ya ɗaga ta sama a gaban masu kora jakunan.

"Wagga ita ta Hular Dabara. Wanda duk ya kawo sabon abu, shi ka sa ta har zama na gaba. Kuma ku ji doka: cikin zauren ga ba a cewa a'a. Wanda yac ce a'a, shi ɗai ka kwashe kashin jakuna har a sake zama."

Mutanen nan tun suna samari abin da aka koya musu shi ne su ɗaura mangala su rufe baki, yau kuma an ce su yi tunani, ga kunu yana hucewa. Manyansu biyu ne, Mu'azu mutumin Tsafe da Idris mutumin Bungudu, waɗanda ko a kan inuwar garin wa ta fi sanyi sai sun yi gardama. Kowannensu ya kafa wa jar hular nan ido, ba don yana sonta ba, sai don kada ya gan ta a kan ɗan'uwansa.

Mu'azu ya yi gyaran murya. "Madugu, ni na ga jirgin ƙasa kai guda ka jan tarago duka. Mi zai hana mu ɗaure jakuna, wuya ga wutsiya, mutum guda ya ja na gaba?"

"Madalla!" Attahiru ya daka tsalle, ya kifa masa hula. "Abin da nika shirin hwaɗi ke nan."

Idris ya ji kamar an watsa masa barkono. "To ai jirgi ba hayaƙi ba jirgi ba na. A ɗora wa na gaba kaskon wuta."

Kowa a zauren ya san abin da ke tsakanin wuta da auduga. Kowa kuma ya leƙa ta ƙofa ya ga tudun kashin da ke bayan turaku. Suka haɗa baki suka ce madalla.

Haka jirgin jakuna ya tashi daga Bungudu, Attahiru a gefe yana busa usur, hayaƙi yana tashi, mata suna leƙowa ta kan danga. Tafiya ta yi kyau har kusa da Furfuri, inda zafin kaskon ya ratsa akumari ya isa gadon bayan jakin gaba, wato kan jirgi. Jakin ya yi tutsu ya zabura. Na bayansa ba su yarda da shawarar ba, na tsakiya suka zauna daɓas, na ƙarshe ya juya yana neman hanyar Bungudu. Garwashi ya tarwatse, mangala ta fara ci. Allah ya sa akwai tafki a gefen hanya, aka tura jirgin gaba ɗaya ciki, da kai da tarago da mai usur.

Wata mai fura da ke zaune a gindin tsamiya ta tsaya da damu ta ce, "Bayin Allah, wanga jirgin na ƙasa na ko na ruwa?"

Attahiru ya fito jagab, ya ɗaga ƙullin auduga ya ji nauyi, sai fuskarsa ta washe. "Kun gani? Tun ba a kai ko'ina ba kaya sun ƙara nauyi!" Malamin awo na Gusau bai ga haka ba. Ya matsa audugar ruwa ya zubo masa a takalmi, ya ce a koma a shanya.

A gida Inna Saude ta tare shi da jiƙaƙƙen akumari a hannu. "Attahiru, mi nika ji? An ce kun toya jaki kun kuma wanke shi."

"Inna, ke ba ki san sabon zamani ba. Su kansu Turawa sai da jirginsu na hwarko ya hwaɗa ruwa."

"Wa yag gaya maka?"

"Ganewa na yi."

A zama na gaba Idris ya zo da shirinsa, don bai yi barci mai daɗi ba tun da hular ta hau kan mutumin Tsafe. Ya ce lorin Alhaji Sabiru tana da fenti, tun daga nesa ake gane ta, su kuwa jakunansu kalar na kowa. A rina su shuɗi. Hula ta tashi daga kan Mu'azu ta sauka kan Idris, Attahiru kuma ya ce dama maganar tana bakinsa.

Marina suka ce su tun da suke tufafi suke rinawa, ba su taɓa tsoma abu mai numfashi ba. Da Attahiru ya matsa, sai suka ba shi tsohon ruwan shuni a tuluna, aka yi ta kwara wa jakuna da ƙwarya ana gogawa da soso. Wasu suka fito shuɗi, wasu suka fito kalar hadari, guda kuma da ya yi birgima a toka ya fito kalar da har yau ba a sa mata suna ba.

Suka ɗauko kayan Tsafe suka biyo ta Mada, kuma ranar kasuwa ce. Mai tallan gishiri ne ya fara hango su, ya ajiye faifai ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta dare, masu addu'a na yi, masu hawa itace na yi, wani mahauci ya shige ƙarƙashin teburinsa da wuƙa a hannu yana salati. Jakunan su ma suka tsorata da juna, kowane ya ga dodo a gefensa. A cikin hargitsin nan Aura ta tsinke igiya ta ɓace. Sauran da aka samu aka tattara sun yi gumi sharkaf, shunin ya narke ya bi mangala ya shige auduga.

Malam Abdulsalami, dattijon da ke magana da yawun manoman Tsafe, ya tako har Gusau da ƙullin audugarsa. Ya buɗe a gaban Attahiru.

"Hwara na ba ku. Wannan mi na?"

"Malam, godiya ya kamata ka yi. Mun rina maka ita kyauta tun ba a kaɗa ba."

"Malamin awo ya ce shi hwara shika saye."

"Shi ma sai mun kira shi zaure."

Malam Abdulsalami ya naɗe ƙullinsa a hankali. "Don girman Ummaru muka haƙuri. Kakana da kakanai sunka soma hulɗar ga. Amma ka ji da kyau: in anka sake, lorin Alhaji Sabiru na nan."

Mai hankali da ya ji wannan sai ya rushe zaure. Attahiru kuwa yana juyowa sai ya ga abin da ya ɗauke masa hankali: Aura ce tsaye a ƙofar Inna Saude, shuɗiya, da kayanta a baya ko ƙulli bai faɗi ba. Tun daga Mada ta kawo kanta, ba mai kora, ba mai ja.

Bai jira ranar zama ba. Ya tara mutane, ya cire hular daga kan Idris ya ɗora a nasa.

"Yau ni ka magana. Jaki ya san gida! To mi muka yi muna bin shi da sanda cikin rana? A ɗora musu kaya a Tsahe da Bungudu, a sake su, su kawo kansu. Ayari ba mai kora! Ko Ingila ba a kai nan ba."

Mu'azu ya buɗe baki. Shi da hannunsa ya kai rabin jakunan nan 'Yankuzo da damina. "Madugu, amma..."

"Amma ƙanwar a'a ta, ɗaki guda suka kwana. Ka ƙarasa, ga kwando ga tsintsiya."

Mu'azu ya dubi Idris. Idris ya dubi Mu'azu. Kowannensu yana jira ɗayan ya faɗa, ya sha kallon mutumin garin can yana kwasar kashi. Kunu ya huce, babu wanda ya faɗa.

"Madalla," in ji Mu'azu.

"Madalla ƙwarai," in ji Idris, don kada a fi shi.

Attahiru ya sa rana, ya gayyaci unguwa, ya ɗauko makaɗa, ya ɗauko maroƙi mai muryar da ake ji har tasha. Ya ja shi gefe ya ce, "Abin duk da anka hwaɗi wurin ga, ka ɗaga shi sama kowa ya ji. Kada ka bar ko kalma." Maroƙin ya ce an gama.

Aka saki na Tsafe tun ana gobe, na Bungudu kuma da sassafe. Sai wata matsala ta taso: masu kora da manoma duk suna son su riga jakunan isa Gusau su ga abin mamaki, ga shi ba abin hawa. Alhaji Sabiru, mutum mai fara'a, ya ce ai wannan ba komai, ya kwaso su duka a lorinsa kyauta. Malam Abdulsalami ya sauko yana shafa kujera yana cewa ashe haka abin yake da laushi.

Aka fito da Baba Ummaru a kan gadonsa aka ajiye a ƙofar gida, ƙafa a naɗe, sanda a gefe. An dai ce masa yau zai ga abin da bai taɓa gani ba, ba a gaya masa ko mene ne ba. Kalangu ya ɗauka. Hantsi ya yi, rana ta take, sai ga wani abu shuɗi-shuɗi ya ɓullo daga hanyar Bungudu. Aura ce, tana tafe tana kaɗa kunne.

Wuri ya kaure. Attahiru ya shiga fili yana juyi da riga. "Ga ta hwarko! Sauran na baya! Alhaji Sabiru, nawa za ka sai da lorin?"

"Ya ce nawa za a sai da lori!" in ji maroƙi.

Aura ta ratsa taron ta shige gida ta tsaya wajen randa. Aka koma kallon hanya. Aka yi azahar, ba jaki. Makaɗa suka sassauta hannu. Aka yi la'asar, ba ko kukan jaki. Attahiru ya ce ai manyan jirage ma sukan yi latti.

Can sai ga wani mutum a kan keke daga Furfuri, yana ta washe baki. Ya faɗi gaban gadon Baba Ummaru. "Madugu, Allah shi saka da alheri! Jakin da kaka ba mu kiwo da damina ya dawo muna da kanshi, da auduga mangala guda. Ba mu taɓa ganin kyauta irin wagga ba. Mata har sun soma gurza."

"Ya ce mata sun soma gurza!" maroƙi ya kwarara.

Malam Abdulsalami ya miƙe tsaye. Bai kai ga magana ba sai ga wani daga 'Yankuzo, ƙafa duk kaushi. Ya ce dattawan garinsu ne suka aiko shi: sun ga jakunan damina sun dawo tun yanzu, shin madugu ya samu labarin ruwa zai sauka da wuri ne? Don mutane har sun fara wasa fartanya. Na Mada kuwa ba godiya ya kawo ba. Ya ce shuɗin dodon nan ya dawo, ya shige gidansa kamar na ubansa, surukarsa ta haura danga, har yanzu ba a san inda ta nufa ba.

"Ya ce suruka ta haura danga!"

"Kai, rufe mini baki!" Attahiru ya daka masa tsawa.

"Ya ce in ruhe mai baki!"

Jama'a suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Baba Ummaru kaɗai bai yi ba. Ya yunƙura ya zauna, ya kira Mu'azu da Idris.

"Ku ba ku kunka kai jakunan ga ƙauye da hannunku ba? Ba ku san inda suka kira gida ba?"

"Mun sani, Baba."

"To mi ya hana ku hwaɗi?"

Suka sunkuyar da kai. Idris ya ce, "An hana a'a."

"An hana amma," Mu'azu ya ƙara.

Malam Abdulsalami ya matso ya durƙusa a gefen gadon. "Ummaru, ba da kai muka ba. Amma audugar bana da tar rage, lori za ta ɗauka. In ka miƙe da ƙahwarka baɗi, ma yi magana." Ya juya ya hau lorin, manoman Tsafe da na Bungudu suka bi shi. Abin ya yi wa tsohon ciwo ƙwarai, har ya kau da kai don kada a ga idonsa. Hulɗar kakanni ce ta hau mota yana kallo.

Da wani ne, da kunya ta kashe shi a nan. Attahiru kuwa ya gyara zaman hularsa ya matso.

"Baba, in an duba da kyau, dabara ta ci. Jaki duk ya tahi gida, ko guda bai ɓace ba. Gidajen ne ba su zauna inda ya kamata ba. To, zancen sandar hwa?"

Baba Ummaru ya dube shi. "An ce mini ka kahwa doka, cikin zaure ba a cewa a'a."

"Haka na, Baba."

"Nan ina na?"

Attahiru ya waiwaya. "Ƙohwar gida."

"To, a'a."

"Ya ce a'a!" in ji maroƙi, da dukan ƙarfin da Allah ya ba shi. Masu kora jakuna, da kalmar ta daɗe tana yi musu kumburi a ciki, suka amsa gaba ɗaya, Mu'azu da Idris a karo na farko baki ɗaya. Makaɗa suka ga abin ya yi amo, suka sa masa kiɗa. Inna Saude ta fito, ta zare jar dara daga kan Attahiru, ta huda ta wuri biyu da wuƙar yankan kuɓewa, ta zura kunnuwan Aura a ciki.

"Ita ɗai tac cika alkawari," in ji ta.

Tsohon ya yanke hukunci a wurin: Mu'azu da Idris su tattaro jakuna, Attahiru kuma ya bi ƙauyukan nan gida gida ya karɓo audugar mutane, kuma kada hannunsa ya sake taɓa igiyar jaki. Sandar kuwa ya jawo ta ya dogara, ya ce dama ƙafarsa tana bukatar mataimaki.

Bayan 'yan kwanaki mai furar nan ta gindin tsamiya ta ga mutum ya fito daga Furfuri, dogo siriri, da ƙaton ƙullin auduga a ka, wuya ya shige kafaɗa, gumi har gwiwa. Lorin Alhaji Sabiru ta wuce shi cike da kaya, direba ya danna masa ham.

"A'a, Madugu! Yau ina jirgin?" ta tambaye shi.

Attahiru ya tsaya yana haki, ya juyo da jikinsa duka don wuyan ba ya juyuwa.

"Ke ba ki gane ba. Da mun yi jaki ba mai kora. Yanzu mun wuce nan, mai kora na ba jaki. Ki riƙa bakinki, kada Alhaji Sabiru ya ji ya kwaikwaya."